Henry Beecher da batun amincewar majiyyaci kafin a yi bincike a kansa

Ɗaliba, Garwa: Assalamu alaikum malamai. A darasin ɗa'ar aikin likita sai ambaton Henry Beecher ake yi. Me ya yi takamaimai? Kuma me ya shafi asibitocinmu na Arewacin Kamaru?

Likita, Marwa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Likita ne mai sa majiyyata barci a tiyata, farfesa a jami'ar Harvard ta Amurka, ya rasu a 1976. A Yunin 1966 ya wallafa maƙala a mujallar New England Journal of Medicine, ya jero bincike 22 da aka yi a kan mutane ba bisa ƙa'ida ba. Akwai masu taifot da aka hana maganin chloramphenicol don a kwatanta su da waɗanda aka ba, mace-mace suka fi yawa a cikin waɗanda aka hana. Akwai yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da aka sa wa ciwon hanta da gangan, da tsofaffi marasa lafiya da aka yi wa allurar ƙwayoyin ciwon daji ba a gaya musu ba. Abin da ya girgiza mutane shi ne manyan jami'o'i ne suka yi, manyan mujallu suka buga. Bai kama sunan kowa ba.

Malamar jinya, Ngaundere: Ya shafe mu ƙwarai, 'yata. Gwajin maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da gwajin tenofovir, maganin HIV, da aka dakatar a Duwala a 2005, duk a kan amincewa da kula da mahalarta aka yi rigimar. A nan inda ake yin tuntuɓe shi ne takarda da Faransanci, majiyyaci da Fulatanci ko Hausa. A karanta masa da harshensa, sannan a ce ya maimaita da bakinsa: me za a yi masa, wace illa ce za ta iya biyo baya, kuma ya san in ya ƙi ba za a rage masa magani ba? In bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, a ba shi kwafi. Izinin lamiɗo ko na miji yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin amincewar matar da za a ɗebi jininta.

Malami, Njamena: Hajiya ta faɗi gaskiya. Sai dai Beecher kansa ya fi dogara da likita mai amana a kan dokoki, kuma a nan ban bi shi ba, domin mai bincike ba ya alƙalancin kansa. Dole kwamitin ɗa'a ya duba aikin kafin a taɓa kowa. Beecher ne kuma ya shugabanci kwamitin Harvard na 1968 da ya fitar da sharuɗɗan tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, irin su: ba motsi, ba numfashi bayan cire na'urar numfashi na minti 3, a sake gwaji bayan awa 24, a tabbatar ba tsananin sanyin jiki ko maganin barci ne ya jawo ba.