'Yata na son bin sawun Kim Little, in sa hannu ko in haƙura?

Baban Hanifa, Aberdeen: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka riga ni gani nake nema. Hanifa shekararta 12, tana buga ƙwallo a makaranta, yanzu wani kulob na 'yan mata ya kira ta. Atisaye sau uku a mako, wasa ranar Lahadi, wani lokacin har Dundee ko Edinburgh. Takardar na manne a jikin firij, ran Juma'a za a mayar. Ba zancen dacewa ko rashin dacewa na kawo ba, wannan mun gama ni da mahaifiyarta, da hijabi da dogon wando take bugawa. Abu biyu ne: nawa abin ke ci a wata, kuma yaya kuka yi da Islamiyyar Lahadi? Motarmu ɗaya, ni kuma aikin dare nake. Ita dai bakinta ba ya rabo da Kim Little, 'yar ƙwallon nan ta Scotland, wai 'yar Mintlaw ce, nan kusa da mu.

Ɗan Gunners: Kyaftin ke nan! Yaya, sa hannu tun kafin tawada ta bushe. Daga Buchan Girls ta fara, ta je Hibernian, tana shekara 16 ta fara buga wa Scotland. A 2008 Arsenal ta ɗauke ta. Ta je Seattle Reign a Amurka, a 2014 ta ci ƙwallo 16, ba wadda ta kamo ta a gasar. Ta leƙa Melbourne City a Ostireliya, ta dawo gida Arsenal a 2017. Wasa 140 ta yi wa ƙasarta, ƙwallo 59, ta ajiye a 2021. Ita ta ɗaga kofin zakarun Turai a Lisbon a 2025 da muka ba Barcelona kashi.

Malam Sani: Ni dai ban ga abin da ya haɗa 'ya mace da guje-guje a fili ba. A yi tunani.

Maman Ilham, Glasgow: Malam, ai ya ce sun gama wannan, a riƙa karantawa har ƙarshe. Baban Hanifa, mu fam 25 muke biya a wata, riga kuma su suka ba ta.

Abu Sadik, Dundee: Fam 25? Hajiya, ko kulob ɗin na kawunki ne? Mu 45, ban da kayan sanyi da takalmi. Kuma ƙafar yaro ba ta jiran albashi, sau biyu na sayi takalmi bana. Ku na Glasgow wasanninku duk a bayan gida suke. Mutumin Aberdeen, man mota ne zai kwantar da shi.

Nafisa_E: Mu sisi ba mu biya ba shekarar farko, sai kuɗin bas.

Hajiya Uwani: Kuna ta lissafin fam, ba wanda ya yi lissafin gwiwa. Tawa tana shekara 15, wata Lahadi cikin Nuwamba, ana yayyafi, ina tsaye bakin waya da shayi a hannu. Ba wadda ta taɓa ta. Juyawa kawai ta yi a ciyawar robar nan, sai na ga ta zube. Ta ce min, "Mama, na ji ƙas." Jijiyar gwiwa ta tsinke. Wata tara muna jiran tiyata, ga jarrabawa a gaba, ga hawa bene da sanduna, a hawa na uku muke. Kulob ɗin da na yi shekara huɗu ina wanke musu riguna, kati ɗaya suka aiko. Bayan wata biyu na duba waya, an cire ni daga zauren iyaye na WhatsApp, ko sallama babu. Takalminta na nan ƙasan kabad, har yau in na ɗaga sai baƙaƙen ƙwayoyin robar nan sun zubo. Ba ta ƙara kallon ƙwallo ba, ko a talabijin. Ɗan'uwa, ni na faɗa maka abin da idona ya gani.

Maman Ilham, Glasgow: Subhanallah. Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Gabana ya faɗi wallahi.

Ɗan Gunners: Allah ya ba ta lafiya, Anti. Amma irin ciwon nan ne ya sami Kim Little a 2017, har gasar Turai ta wuce ta, karon farko da Scotland ta je. Ta warke, ta je kofin duniya na 2019 a Faransa, ita ta fara jefa wa Ajantina ƙwallo. Caroline Weir ma tata ta tsinke a 2023, ta dawo tana buga wa Real Madrid.

Hajiya Uwani: Ɗana, waɗancan likitocin Arsenal da na Madrid ne a kansu. Tawa takardar layi aka ba ta. Kai 'ya'ya nawa gare ka?

Abu Sadik, Dundee: Hajiya, bar shi, a gidan kallo yake a Fagge, ko sanyin Aberdeen bai taɓa shaƙa ba. Kuma ka ƙarasa labarin mana, Ɗan Gunners. A wasan Ajantina ɗin, ci 3 da nema Scotland na gaba, aka tashi 3-3, aka kwaso kaya. Mai tsaron gida ta tare fenariti, na'ura ta ce ta baro layi, a sake.

Ɗan Gunners: Wanda ke goyon bayan United har yana da bakin magana?

Dokta Bala: A bar raha. Wanda bai taɓa tsayawa bakin fili da ƙarfe 9 na safe cikin Janairu ba, ya saurara kawai. Abin da ba a faɗa wa yara shi ne, ita Kim Little ɗin digiri gare ta a fannin tattalin arziki, ta yi shi a jami'ar Hertfordshire tana buga wa Arsenal. Kuma ku duba, da ita da Weir da Erin Cuthbert ta Chelsea, duk sai da suka bar Scotland suka ci abinci da ƙwallo. Ka ce da Hanifa in za ta bi sawun, ta bi duka, har da littafin.

Nafisa_E: Dokta, ai kai ma maza ne 'ya'yanka. Na mata daban ne, ko ɗakin sauya kaya sai ka yi faɗa a kai.

Baban Hanifa, Aberdeen: Na gode ƙwarai. Hajiya Uwani, na karanta wa mahaifiyarta naki, ta yi shiru. Amma Islamiyyar fa? Ba wanda ya taɓa ta.

Maman Ilham, Glasgow: Hmm, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekara biyu muna roƙon kwamitinmu a mayar da aji ɗaya yammacin Asabar, sun ƙi. Wai malami ba shi da lokaci. Amma ranar karɓar kuɗin zango, kowa na da lokaci.

Malam Sani: Malaman nan sa kai suke yi, Hajiya, bayan sun kwana wajen aiki. Iyaye nawa ke zuwa ɗaukar yara kan lokaci? Makon jiya har ƙarfe 3 ina zaune da yara biyu, mai ɗakin taro na kaɗa min makulli.

Abu Sadik, Dundee: Mu ta waya muke yi da wani malami a Zariya, bayan magariba. Naira muke biya, kowa ya huta.

Maman Ilham, Glasgow: Mun gwada. Rabin karatun "kina ji na?" ne, sauran rabin an ɗauke wuta.

Malam Sani: To ku zo taron iyaye mana. Na ƙarshe mutum biyar ne suka zo, uku a ciki 'yan kwamiti.

Nafisa_E: Saboda ranar Lahadi kuke sa shi, Malam, muna bakin fili.

Abu Sadik, Dundee: Baban Hanifa, lamba nawa take sawa? Akwai takalmi lamba 4 a nan, sau shida aka buga da shi.