Wai an "gano" sabon hano a tsibiri

Bello Runjin Sambo: Jama'a ku ji abin haushi. A 2020 masana suka gano sabon icen luban a Samha, ƙaramin tsibiri kusa da Sukutra ta Yaman, suka raɗa masa Boswellia samhaensis. Dangin hanonmu ne. Ba ya fitowa ko'ina sai can, kuma tuni ana tsoron ƙarewarsa. Mu nan ana saɓule ɓawon hano har ya bushe a tsaye, wa ya taɓa ƙirga shi?

Malam Sani: Gano? Masuntan tsibirin makafi ne kafin 2020? Haka aka karantar da mu wai Mungo Park ya gano kogin Kwara.

Bello: Malam, gano a wajen masana shi ne a siffanta ganye da fure, a ba shi suna a rubuce.

Malam Sani: To ka ce "rubuta". Clapperton, Baturen nan mai yawon bincike, nan Sakkwato ya mutu a 1827, shi ma gano mu ya yi?

Nafisa: Ni dai Sukutra da Sakkwato sunan ya yi kama. Kakata ta ce asalinmu gabas ne.

Dan Gidan Igwai: Hajiya don Allah. Sakkwato daga kalmar Larabci suk aka samo, wato kasuwa.

Nafisa: Ai ba da kai nike ba.

Bello: Ku dawo kan ice. A Sukutra kusan kashi 37 cikin ɗari na nau'o'in tsirrai babu su a wani wuri a duniya. Guguwa biyu a 2015 suka tuttuge manyan itatuwa, ƙananan kuma awaki ke cinyewa tun suna tsiro.

Alhaji Na Kara: Ahaf, an zo kan akuya! Kullum ita. Shekara talatin ina saye da sayarwa a kara, ban ga jar akuya ɗauke da gatari ba. Masu gawayi fa?

Dan Gidan Igwai: Alhaji, taka ta cinye min dogon yaro uku da na dasa ƙofar gida, har keji ta ture.

Alhaji Na Kara: Kawo shaida.

Malam Sani, shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: kalmar "gano" kuskure ce, Bello ma bai musa ba. Maganar akuya ku ƙarasa a waje.

Bello: Yaushe ban musa ba?