Wace Linux ce a kan sabar nan?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum. An damƙa min wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, ta SSH (hanyar shiga daga nesa) kawai nake shiga, kuma ba wanda ya gaya min abin da ke kanta. Na buga uname -r, ya ba ni 3.10 da wasu lambobi. Sigar Linux ɗin ke nan?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, lambar kanel ce wannan, wato zuciyar tsarin. Buga cat /etc/os-release ka duba layin PRETTY_NAME.

'Yar Debian: Ko lsb_release -a, ya fi sauƙin karantawa.

Mai Gemu: Hajiya, bar ni da lsb_release ɗin nan, ya taɓa hana ni barci. Ina so in ƙara ma'ajiyar wata manhaja, wato inda ake sauko da ita, na kwafo umarnin yadda yake, da lsb_release -cs a cikinsa. Na'urar Linux Mint 21.3 ce. Ashe ita sunan da take bayarwa virginia ne, ma'ajiyar kuwa sunayen Ubuntu, wanda aka gina Mint a kansa, kaɗai ta sani. Duk apt update ɗin da na buga sai ya ce babu fayil ɗin Release. Na ɗora wa intanet laifi, na sauya DNS, na kashe na kunna har na gaji. Sai wajen asuba na buɗe os-release, ga UBUNTU_CODENAME=jammy a rubuce ɓaro-ɓaro. Na sa jammy da hannu, nan take ya wuce. Banda haka ma, sabar da aka girka mata tsurar tsarin, sau da yawa ba ta zuwa da lsb_release ɗin.

'Yar Debian: To Malam, laifin umarnin ne ko na mai kwafe ba karatu?

Mai Gemu: Na ji, na karɓa.

Na Arch: Ku sa neofetch, manhajar da ke nuna bayanan tsarin, ku huta, har tambari zai zana muku.

Tsohon Hannu: Wanda mai shi ya rufe tun 2024? Kai ma me ya kawo ka, tsarin naku na Arch Linux ko lambar siga ba shi da ita.

Na Arch: Kishi ne kawai.

Mai Gemu: Ku tsaya, 3.10 fa yaron nan ya ce. Ina jin ƙamshin CentOS 7. Ƙanena, duba /etc/redhat-release.

Ɗan Koyo: Haka ne yaya, CentOS Linux 7 ya rubuta.

Tsohon Hannu: Tirƙashi. Tun 30 ga Yuni 2024 aka daina fitar mata da gyaran tsaro. Me ke gudana a kanta?