Turmina na sama ya hana ni barci, kuɗin gyaransa kuma ya fi albashina

Malam Sani, Bolari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a nan Gombe, kuma kun san irinmu ba mu da inshorar lafiya, albashin ne kawai in ya zo. Turmin haƙorina na sama ta ɓangaren dama ya daɗe da yin kogo. A da sai na sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi yake tsira mini, jim kaɗan ya lafa. Yanzu haka kawai yake tashi, musamman da dare, zogin ya hau har kunne da gefen kai, in kwana a zaune. Da safe in shiga aji ina magana da rabin baki.

Na je wani asibitin kuɗi, suka ɗauki hoto, suka ce ɓarnar ta kai jijiya. Zaɓi biyu suka ba ni: ko a cire jijiyar a cike ramin a sa wa haƙorin murfi, ko a cire shi gaba ɗaya. Kuɗin na farkon ya haura albashina na wata. Cirewar zan iya in na matsa, to amma Innarmu ta kafe a kan ba a cire haƙorin sama, wai yana taɓa ido. Yanzu dai haɗin kemis nake sha, wani maƙwabcina kuma yana so ya kai ni wajen mai cire tsutsar haƙori. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini. Ina da iyali, ba zan iya cin bashin da zai hana su abinci ba, amma kuma na gaji.

Goggo Hajara, Herwagana:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya yaye maka. Kafin masana su zo, ka sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ka riƙa kurkure baki bayan kowane abinci. Ka kuma samu kanumfari ɗaya ka ɗan tauna shi ya yi laushi, ka ajiye a kan haƙorin. In za ka kwanta ka ƙara matashi, kai ya fi ƙirji tudu. Zai ba ka damar runtsawa.

Hamma Usmanu, Tunfure:
Malam ka bi maƙwabcin nan naka. Ni da idona na ga an turara wa mutum hayaƙi a baki, tsutsotsi farare suka faɗo cikin ruwa. Kuɗinsa ko na man babur bai kai ba. Wasu kuma ɗigon fetur suke sawa a auduga, nan take ciwon ya mutu.

Sista Maryam, ma'aikaciyar sashen haƙori:
Hamma Usmanu, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah kada Malam ya bi wannan. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a bakin kowa. Duk lokacin da aka sha shayi mai siga, lemon kwalba, alawa ko biskit, suna cin sigan su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin bayan haƙori kaɗan-kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar ƙaramin rami ya buɗe, abinci ya riƙa maƙalewa, ɓarnar ta nutsa ciki har ta iske jijiya. Hayaƙi ba ya toshe wannan ramin. Fetur, ruwan batir da man birki kuwa guba ne, dasashi suke ƙonewa, mu ne muke ganin bakunan da suka saluɓe saboda su. Haka ma masu ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙuna take yi.

Malam Sani, bayanin da ka yi ya yi daidai da abin da aka gaya maka. Haƙorin da ke tsira don sanyi ya daina nan da nan, sau da yawa ciko kawai yake buƙata, kuma ciko ya fi cire jijiya arha. Wanda ya kai ga tashi da kansa cikin dare ya wuce nan, jijiyar ta kumbura a cikin wurin da ba ta da sararin buɗawa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ka wayi gari ka ji shiru, ka ce Alhamdulillahi na warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin kuma suna ci gaba da gangarawa tushen haƙori su tara mugunya a ƙashi. Bayan makonni ko watanni sai kumatu ya tashi.

Maganar Inna: ka lallashe ta, cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum. Jijiyar da ke kai gani daban take, ba a haɗe take da tushen haƙori ba. Wanda ke iya kai ciwo wajen ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari, domin mugunyarsa tana iya hawa ta kumbura fuska har ƙarƙashin ido. In da hali ka tafi da ita ko da wani babba da take jin maganarsa, likita ya yi musu bayani baki da baki. Iyayenmu sun fi natsuwa da abin da suka ji da kunnensu.

Game da kuɗi, ka je asibitin gwamnati ka ji nasu farashin kafin ka yanke hukunci. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka yana da sashen haƙori da muƙamuƙi. Ka tafi da hoton da aka ɗauke ka in sun ba ka, wataƙila ya rage maka biyan wani. Ka fito da sassafe saboda layin yankar kati. In ka shiga wajen likita kada kunya ta hana ka cewa ga iya abin da ke aljihunka. Ka tambaye shi ko haƙorin zai cetu ma tukuna, domin wani ya ruɓe har ba abin da za a ɗora murfi a kai, kashe masa kuɗi asara ne. In zai cetu, ka tambaya ko za a raba aikin: a fara buɗe shi a cire jijiyar a sa cikon wucin gadi, wannan ne ke kashe zafin, sauran kuma a ƙarasa a zama na gaba. Ba dole ne duk kuɗin ya fita rana ɗaya ba. Sai dai fa wanda ya fara ya ƙarasa a lokacin da aka sa masa, cikon wucin gadi ba ya daɗewa.

Ni a raina na fi son mutum ya tsira da haƙorinsa, babba 32 kawai gare shi in sun cika, kuma wanda ya fita ba ya tsirowa. Amma in ka lissafa ka ga ba za ka iya kai aikin ƙarshe ba, ka cire. Turmi ɗaya ba zai hana ka tauna tuwo ba, kuma ya fi maka a kan zama da ciwo a ka.

Abdul, mai harhaɗa magunguna, Jekadafari:
Malam, haɗin nan ne ya fi tayar mini da hankali. Ka koma ka ce a faɗa maka sunan kowace ƙwaya da ke ciki. Sau da yawa za ka iske diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli guda, alhali dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya cinye ciki ya wahalar da ƙoda. In akwai tramadol a ciki ka aje shi, mutane da yawa ta irin wannan ƙofar suka shiga shaye-shaye.

Ga babban mutum mai lafiya, abin da ya fi aiki a ciwon haƙori shi ne ibuprofen 400mg bayan an ci abinci, duk awa 8, tare da parasitamol ƙwaya 2 masu 500mg duk awa 6. Parasitamol kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, hanta yake illatawa in ya yi yawa, kuma ka duba maganin mura domin da yawansu akwai shi a ciki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, ko mai asma da irin waɗannan magungunan ke tayar masa, ya bar ibuprofen ya tsaya a parasitamol. Wannan na 'yan kwanaki ne kafin ka ga likita.

Amoxicillin da Flagyl da kowa ke saya kuwa ba maganin zogi ba ne. Ba su toshe rami, ba su gyara jijiya. Likita yana rubuta su ne in ciwon ya fara yaɗuwa, kuma ko a lokacin sai an taɓa haƙorin. Ka zauna ka haɗa abin da kake kashewa a kemis a wata, ina kyautata zaton ya kusa kuɗin cirewar.

Adda Zainabu, Pantami:
Ni ƙanena ne ya sha wannan. Turmin ƙasa ne nasa, ya yi ta dannewa da magani saboda rashin kuɗi. Rana ɗaya ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe shi, baki ya ƙi buɗuwa, miyau ma ya gagara haɗiya. Cikin dare muka kai shi, sai da aka tsaga wuya aka zuƙe mugunya, ya yi kwanaki a gado. Akuyoyin Dadarmu ne suka biya. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma abin da muka kashe ya ninka kuɗin cirewa sau da yawa. Malam ina roƙonka kada ka kai nan.

Sista Maryam:
Adda ta faɗi abin da kowa ya kamata ya haddace. Kumburi da ke gangarawa wuya ko hawa wajen ido, zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi: duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya wuce sashen gaggawa ko da ƙarfe 2 na dare ne, ko akwai kuɗi ko babu. Kumburin ƙarƙashin harshe yana iya toshe hanyar numfashi.

Alhaji Bappah, ma'aikacin gwamnati mai ritaya:
Malam Sani, ina so ka cire wa ranka cewa inshora ta ma'aikatan gwamnati ce kawai. A jiharmu akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth, kuma masu sana'ar kansu suna iya shiga. A tarayya akwai NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, tana da tsarin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. 'Yan'uwanmu na Bauchi su ma suna da tasu, BASHCMA. A tsarin tarayya duba haƙori, ciko na yau da kullum da cirewa mai sauƙi suna ciki, amma murfi da dashen haƙori ba su ciki. Sannan inshora tana da lokacin jira tsakanin rajista da fara amfani da kati, saboda haka ba za ta cece ka a wannan ciwon ba. Ka yi ta ne don na gaba da kuma yaranka. Ku malaman makarantar ku haɗa kai ku tunkari mai makaranta ya yi muku rajista a ƙungiyance, magana ce da ta dace a kawo a taron malamai.

Na yanzu kuwa, ka nemi a ba ka wani abu daga albashinka a cire a hankali. In kana adashe ka roƙi uwar adashe ta musanya maka kwasa da wani, ba wanda zai ga fuskar mai ciwon haƙori ya hana. Manyan asibitocin gwamnati kuma suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ka tambaya a nuna maka, neman sassauci ba bara ba ne.

Ladi, Kaltungo:
Allah ya ba ka lafiya Malam. Ina da tambaya ga Sista. Kullum ana cewa a sayi makilin mai fluoride, wato sinadarin nan da aka ce yana ƙarfafa haƙori, mu kuwa a wajenmu an ce shi ne ya rina mana haƙora suka yi ja-ja. Ba cutar da yara za mu yi ba?

Sista Maryam:
Ladi, gaskiya ne ruwan ƙasa a yankin Kaltungo yana da fluoride da yawa, kuma yaron da ya tashi yana shansa tun haƙoransa na ginuwa yakan fito da wannan launin. Wancan haɗiya ce ta shekaru. Na makilin a bayan haƙori yake aiki, a goge a tofar. Yaro ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, a tsaya a kansa kada ya haɗiye. Babba ya goge sau 2 a rana, na daren ya fi muhimmanci, ya tofar kada ya bi da kurkurar ruwa. Asuwaki ma yana da kyau ƙwarai, a haɗa su. Su ruwan shan yaranku ne abin dubawa.

Malam Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da kawuna, ya ce shi zai shawo kan Inna kuma zai raka ni ranar Litinin. Na daina haɗin, na koma yadda Malam Abdul ya tsara, daren jiya na samu barci. Sista, in ya zama cirewa za a yi, in je da yunwa ne ko in ci abinci? Kuma ina da ɗan hawan jini, ina shan magani.

Sista Maryam:
Ka karya kumallo sosai, allurar kashe wurin kawai za a yi maka, ba ta barci ba. Ka sha maganin hawan jininka kamar kullum, ka tafi da kwalinsa, ka faɗa musu kafin a fara, za su auna ka. In kana shan asfirin ko wani mai tsinka jini shi ma ka faɗa, kada ka dakatar da shi da kanka. Bayan an cire ka cije audugar da za a sa maka kamar minti 30. Ranar kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da miyau, kada ka sa harshe ko yatsa a ramin, kada ka sha abu mai zafi, domin gudan jinin da ya daskare a wurin shi ne zai warkar da shi, in ya fita zafin da ke biyo baya ya fi na farko. Tunda na sama ne, ka guji fyace hanci da ƙarfi na 'yan kwanaki. Washegari sai ka fara ruwan gishirin Goggo a hankali. Ka nemi hutun ranar a makaranta, ba za ka iya koyarwa ba.