Jama'a, wane suna za mu raɗa wa na'urar karanta littafi?

Salam 'yan uwa. Ina nufin 'yar na'urar nan mai kamar faifan waya amma ba ta kira, ba ta WhatsApp, aikinta kawai ka zuba mata littattafai ka zauna ka karanta. Irin Kindle da Amazon suka fitar a 2007, ko Kobo ta Kanada, kafin su ma Sony sun yi tasu a Japan tun 2004. Har yau mu dai ba mu da sunanta.

Wanda bai taɓa riƙe ta ba, to ya gane cewa fuskarta ba irin ta waya bace. Wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, lantarki ya turo baƙaƙen sama sai rubutu ya fito, kuma da ya fito shikenan ya zauna ba ya shan batir sai za ka juya shafi, shi yasa caji ɗaya ke kai ta makonni, kuma ko a tsakar rana kana gani tar, ba wani kare fuska da hannu. Wallahi da za a samu mai ƙera mai arha, da ramin memori, tana caji da ƙaramar sola, tana gane ƙ da ɗ da ɓ ba ta maida su akwati ba, a haɗa da ajami, da masu bin littattafan marubutanmu a WhatsApp da Wattpad sun huta da ciwon ido da rashin wuta.

Toh ga sunayen da aka kawo zuwa yanzu.

Wani ɗan uwa ya ce na'urar karatu. Ba laifi amma ya yi faɗi, kwamfutar ɗan makaranta ma na'urar karatu ce.

Wani malamin Hausa, Allah ya ƙara masa basira, ya ce mu bi ƙa'ida, yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, sai karanta ya ba mu makaranci. Allah gafarta malam, ƙa'idar ta tafi daidai, a baki karin sauti zai raba shi da makaranci mutum mai karatu, amma a rubuce fa? In na rubuta makarancina ya faɗi ya fashe ai sai a fara jajanta min.

Wata Anti ta kawo gafaka, tunda ita ma littattafai take ɗauka. Na so wannan sosai Anti, sai dai gafaka ta riga ta tafi da Alƙur'ani a zukatan mutane, ba zan ji daɗi a ce ga gafaka cike da labaran soyayya ba.

Akwai masu cewa a bar wahala kowa zai ce kindil kamar yadda duk garin sabulu ya zama omo. Yana iya faruwa, amma sunan kamfani ɗaya ne, mai Kobo kuma ya ce me?

Ni dai na tsaya a kan allon littafi. Yadda take aiki sak allon tsangaya, rubutu na nan zaune har sai an wanke an sake wani. Allon karatu ba zai yiwu ba don na katako ya riga ya riƙe sunan. Rubutun nata kuma a ce tawadar lantarki.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da Faransanci ke shigar muku, me kuke ce mata a can?