Ƙanena ya shiga makarantar koyon sana'a, amma harkokin ɗalibai sun yi yawa, da amfani ko ɓata lokaci ne?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar makarantun koyon sana'a. Ƙanena ne ya gama sakandare, JAMB ba ta yi kyau ba, ni kuma na ce wallahi ba zai zauna gida yana danna waya daga safe har dare ba, sai muka sa shi wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta nan cikin garin Sakkwato, sashen wayarin da haɗa sola, tunda dai kowa ya san yadda wuta take a garin nan, in Afrilu ya kama zafi ya buɗe kowa neman fanka yake ko da ta sola ce.

To abin da ya ɗaure mani kai shi ne takardar da suka ba shi. Bayan kuɗin makaranta akwai kuɗin ƙungiyar ɗalibai, akwai wai kulob na ƙirƙira, akwai makon baje koli, ziyarar masana'antu, gasa tsakanin sassa, ƙwallo ranar Alhamis da yamma, darasin kasuwanci, sannan a ƙarshe a tura su atachimen wata uku a wani shago. Kusan kowanne da ɗan kuɗinsa, kuma ni ke biya, ga kuɗin kabu-kabu kullum zuwa da dawowa. Jiya ya dawo sai bayan magariba wai suna mitin na shirin baje koli, Inna har ta fara faɗa. Ni sana'a na tura shi ya koya ba mitin ba. Wane ne a cikin waɗannan ya zama dole, wane zan ce mashi ya bari? Ko kuwa in cire shi kawai in kai shi shagon wani maigida ya koya kamar yadda aka saba? Na gode.

Mai Walda Tashar Illela:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma yaran makarantun ga suna zuwa shagona atachimen, don haka bari in hwaɗa maka abin da idona yag gani. Duk cikin jerin da ka kawo, wanda ba a wasa da shi shi na atachimen ɗin. In ma kuɗɗi sunka yi maka kaɗan, ka bar komi ka riƙe wanga.

Yaro shina zuwa da rigar aiki sabuwa fil da littahi a hannu, ka ce mashi kama sandar walda ka ɗan ɗiga man nan, sai sandar ta riƙa liƙewa jikin ƙarhe shina fizga, don a makaranta su da yawa na kan inji guda, in janareta ba mai kuma ranar sai dai zane bisa allo. Amma in gaskiya za a hwaɗi, akwai abin da sunka hi yaran shago da shi. Sun iya tef. Ka ce ƙohwa ƙahwa uku da rabi, yaro ya auna ya rubuta ya hidda lissahin ƙarhen da za a saye babu asara, nawa yaran da sunka tashi a shago wani sai ya yanke bututu sannan ya tuna bai auna ba. Kuma ɗan makaranta ba ya kama giranda ba tabarau, an koya mashi tsoron idonai, mu kau da tsinken ƙarhe a ido munka koyi wannan.

Abin da za ka yi, kada ka bari makaranta kaɗai ta zaɓa mashi wurin da za shi. Kai da kanka ka bincika maigidan da ad da aiki a hannu, wanda aka kira gidaje haɗa sola, ba mai shagon saida kaya kaɗai ba. Akwai wurin da yaro za shi wata uku ba abin da shika yi sai sayo ma oga hura da share shago, a ƙarshe a buga mashi hatimi a littahi a ce ya gama. Wannan cuta ta.

Ƙwallo da mitin kau ban san amfaninsu ba gaskiya. Ni dai ban taɓa ganin wanda yaz zo da aikin ƙohwa yat tambaye ni lamba nawa nika bugawa ba.

Malamin Bita:

Malam Ɗan Mabera, ina koyarwa a ɓangaren lantarki, kuma kafin ka je ga batun kulob akwai tambayar da ya kamata ka fara yi wa makarantar: wace takarda yaron zai fita da ita, kuma wa ya san da ita? Don takardun ba ɗaya ba ne. Kwalejojin fasaha na gwamnati irin na Farfaru da Runjin Sambo yaro kan shiga ne bayan JSS 3, ya yi shekara uku ya zauna jarabawar NABTEB, wato hukumar jarabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, ya samu takardar shaidar fasaha da ake kira NTC, kuma da ita ana iya neman gurbin gaba da sakandare. Ita NABTEB an kafa ta a 1992, hedikwatarta na Benin, kuma tana da jarabawar ƙarshen shekara ta masu zama daga waje, to ka ga ƙanenka ma zai iya zama idan an shirya shi. Akwai kuma tiredi tes, wato gwajin sana'a, na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki na 3 da na 2 da na 1, wanda masu ɗaukar ma'aikatan hannu suka daɗe da sani. Sai kuma NSQ, tsarin shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa, da NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, ke kula da shi, wanda ake auna mutum da abin da hannunsa ya iya yi a gaban mai tantancewa. Idan makarantar ba ta shirya ɗalibanta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, takardarta ce kawai mai tambarin mai makaranta, to wannan ya fi kuɗin ƙwallo zama abin damuwa.

Na biyu, kada a haɗa maka atachimen ɗinsu da SIWES. SIWES shiri ne na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ITF, hukumar horas da ma'aikata ta tarayya, ta fara a 1973 don ɗaliban jami'a da foliteknik da kwalejojin ilimi, misali ɗan Umaru Ali Shinkafi Polytechnic mai karatun injiniya yakan yi wata huɗu bayan ND 1, wato shekarar farko ta difloma, da logbuk da sufabaiza mai zuwa dubawa. Ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu nasu tsarin tsakaninsu ne da masu shaguna, saboda haka kada yaro ya sa rai da wani alawus na gwamnati, kuma ka tambaya ko malami na bin su wurin aikin ko sakin su kawai ake yi.

Sai batun baje koli, a nan ne zan ɗan saɓa da Oga mai walda, da girmamawa. A aji ni nake ba yaro waya a yanke, batir a caje, in ce haɗa nan da nan. A shirin baje koli kuwa su za su zauna su ce za mu haɗa sola da za ta ɗauki fanka biyu da ƙwan fitila huɗu da cajin waya tun magariba har asuba, su lissafa wat nawa ke nan, awa nawa, batir mai ƙarfin nawa zai ɗauka, fanel nawa zai cika shi kafin rana ta faɗi, wace kaurin waya za a saya, su shiga kasuwa su yi ciniki da kansu, su dawo su haɗa, ya ƙi aiki, su ɗauki mita su bi layi ɗaya bayan ɗaya har su gano inda matsalar take. Na ga yaran da suka haɗa komai daidai da safe, azahar na yi inbata ta fara kuka tana ɗaukewa, ashe sun kulle ta cikin akwatin katako babu inda iska za ta shiga, a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40. Daga ranar babu wanda ya sake mantawa da batun iska, kuma nan ne suka yarda da abin da nake ta faɗa a allo cewa shi kansa fanel ƙarfinsa raguwa yake in ya yi zafi da yawa, ga ƙurar hunturu da ke rufe shi in ba a gogewa. Mitin ɗin da ya kai shi magariba in dai irin wannan ne, ka bar shi, sai dai ka ce ya riƙa gaya wa Inna tun da safe.

Ziyarar masana'antu kuma ya danganta. In za a kai su wuri irin kamfanin siminti na Kalambaina su ga manyan injuna da yadda ake kiyaye lafiyar ma'aikaci, ya yi. In yawon ɗaukar hoto ne a mota, ka riƙe kuɗinka.

Maman Biyu Arkilla:

Salam. Yaya Ɗan Mabera ni ɗinki na koya a irin waɗannan makarantu, kuma abin da kuke rainawa ɗin nan, darasin kasuwanci, shi ya fi yi mani amfani, Allah shaida. Kafin nan in na yi wa mace ɗinki sai ta ce nawa ne, in ce haba Anti ki ba da abin da ya sauwaƙa, kunya ta hana ni faɗin kuɗi. Malamarmu ta sa kowa ta sayi littafi ta rubuta zare, zif, shafi, allura, gawayin guga, kuɗin zuwa kasuwa, har da lokacin da kika zauna kan keke, sai ga shi a fili ashe wani ɗinkin kyauta nake yi har da cikon kuɗina. Ƙanenka ma haka zai fuskanta, zai hau rufin kwano da rana tsaka ya sauko a ce Allah ya yi albarka yaro, ga na ruwa.

A makon baje kolinmu an ba kowace tebur, na jera rigunan yara da jakunkuna, wasu na haɗa su da jar fata da na sayo wajen dukawa don ka san fatar akuyar Sakkwato ba ta da na biyu, iyaye suka zo, matan unguwa suka zo, wata Hajiya ta juya rigar ta duba cikin ɗinkin ta ja hannun ta ga bai buɗe ba, ta karɓi lambata, har yau ni ke yi wa 'ya'yanta kayan sallah kuma ita ta kawo mani ƙawayenta. Da a aji kawai na tsaya ina za ta gan ni?

Kuma Baba mai walda ka yi haƙuri, ƙungiya ma ba banza ba ce. Mu ta wajen MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, muka san juna da 'yan sauran sassa, muka buɗe guruf na WhatsApp da har yanzu yana nan, in wani ya samu aikin gida sabo sai ya sanar, mai wayarin ya kira mai famfo, mai famfo ya kira kafinta, ni kuma a ce labule. Abin da zan ce a kula da shi kawai siyasar ɗalibai, masu takarar shugaban kaza sakataren kaza, wannan tana cin lokaci da kuɗi, na ga wadda ta bar keke ta koma rabon fosta har aka gama ba ta iya saka hannun riga ba.

Mai Walda Tashar Illela:

To Hajiya na ji, na janye rabi. Amma ƙwallo dai ina nan kan bakana, yaro ya karye a hili wa za ya hau mashi tsani?

Ɗan Gidan Igwai:

Hhhh Oga bar yara su motsa jini. Ni dai abin da zan ƙara, ya saya mashi kayan aikinsa na kansa ko da kaɗan-kaɗan ne, tasta, filaya, sukudireba da ƙaramar mita. A makaranta layi ake bi kafin kaya su zo hannunka, mai nasa shi ke riga kowa gwadawa, in ya dawo gida ma ya fara da soket ɗin ɗakin Inna, amma don Allah a kashe wuta tukuna.

Ɗan Mabera:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam yau da safe na biya makarantar na yi tambayar takardar nan, shugaban ya ce suna yi wa ɗalibai rajistar tiredi tes a ƙarshe, NABTEB kuma wanda yake so shi zai biya da kansa su shirya shi. Na ce ya nuna mani ɗakin firatikal, na ga fanel da batura da allon wayarin a bango, yara na kai suna aiki, sai dai inbata guda ce tak mai aiki. Ƙwallo ashe ma kyauta ce, kuɗin riga ne kawai. Na biya na baje koli da na ƙungiya, na ziyara na ce sai na ji inda za su. Saura wajen atachimen, akwai wani mai haɗa sola a unguwarmu da nake gani kullum da tsani bisa keke napep, amma shi kaɗai ne da yaro ɗaya, ba shi da ko allon suna. Irin wannan ya yi, ko sai babban kamfani?

Malamin Bita:

Ya yi, in dai makarantar za ta amince da sa hannunsa a littafi, ka tambaye su tun yanzu kafin lokaci ya zo. Wajen mutum mai yaro ɗaya ƙanenka zai riƙe waya da hannunsa tun makon farko, a babban wuri kuwa yakan daɗe yana miƙa kaya. Amma kafin ka yi magana da shi ka je ka ga gida ɗaya ko biyu da ya yi wa aiki, ka duba ko ya sa fiyus ko bireka tsakanin batir da inbata, ko wayoyin na cikin bututu ko a sake suke a bango, ko batiran na wurin da iska ke shiga, sannan ka tambayi mai gidan ko yana ɗaga waya in abu ya lalace. Ka turo mani hoton abin da ka gani in duba maka.