Dashen tumatir na ruɓewa tun farkon damina a Agege

Mai Lambun Agege:
Assalamu alaikum. A bayan gidan da nake haya akwai ɗan fili, kuma tun a watan Maris na yi fangali uku kamar yadda muka saba a gida, na dasa tumatir da attarugu, na watsa alayyafo a gefe. Da farko komai ya yi kyau, amma tun da ruwa ya kankama, yau kwana shida ke nan rana ba ta fito sosai ba, sai na tarar da dashen tumatir yana kwanciya ɗaya bayan ɗaya, gindinsa ya yi baƙi ya sirance kamar zare. Alayyafon kuwa ko a jikinsa. Shin sanyin ne ya kama su, ko taki ne ya yi kaɗan?

Dattijon Ojo:
Wa alaikumus salam. Malam, ba sanyi ba ne, domin sanyin Legas bai kai na hunturun Kano ba, alhali a cikin hunturun ne tumatir ya fi albarka a Kadawa. Fangalin ne ya cuce ka. A Arewa muna zurfafa shi don ya riƙe ruwan ban ruwa, a nan kuwa ruwan ne ya yi yawa, saiwa ta kwana a cikin laka ba ta samun iska, sai cutar ruɓewa ta kama ta daga gindi. Ni ma shekarata ta farko haka na yi asarar dashe gaba ɗaya. Ka tayar da kunya mai tsayin kamu ɗaya, ka haɗa ƙasar da yashi, ka fitar wa ruwa hanya, kuma waɗanda suka kwanta ka tumɓuke su ka zubar nesa, domin ba za su tashi ba. Kada ka ƙara taki yanzu.

Hajiya daga Idi-Araba:
Ni a buhunan shinkafa nake shuka, na huda gindinsu na ɗora kan bulo a ƙarƙashin rumfa. Sai dai ka lura da dodon koɗi, wanda kan fito da dare bayan ruwa ya cinye ganyen. Da tocila nake bin su ina tsincewa.

Ɗan Kasuwar Mile 12:
Da girmamawa ga Baba, ko an tayar da kunyar, ina ganin tumatir ba zai jure ruwan Yuni da Yuli ba, shi ya sa ma yake tsada a wurinmu a waɗannan watanni. Da ni ne, kuɓewa da lalo zan sa yanzu, in jinkirta tumatir har ruwa ya fara ja baya.

Mai Lambun Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Da safen nan na ƙirga, guda tara ne suka rage a tsaye, kuma zan mayar da su buhu kamar yadda Hajiya ta ce. Baba, irin kuɓewar sai na jiƙa shi ya kwana, ko danshin ƙasar ya wadatar?